Lemon tsami ba firij ba ne

Kusan duk ranar Litinin sai an kawo mana yara da amai da gudawa asibitinmu a nan Agege, Legas. Idan na tambayi uwa me aka ci, sai ta ce shinkafar suna ce kawai. Sai na matsa sannan maganar kek ta fito, irin mai hawa-hawan nan na lemon zaƙi da ake shafa wa kirim a tsakani. An gasa daren Juma'a, an yanka Asabar da la'asar, ragowar an ba yara ranar Lahadi. Duk tsawon wannan lokaci yana kan tebur, an kifa masa roba.

Ban hana kowa gasa kek ba. Wallahi ina jin daɗin ganin 'yan'uwana mata suna neman na kansu da shi, wasu ma hannunsu ya fi na masu shago. Gasasshen ba shi ne matsalar ba, ya riga ya sha wuta. Matsalar ita ce abin da kika shafa bayan ya huce: ƙwai, madara, kirim. Waɗannan ba sa jure zafin Legas.

"Ai na matsa lemon tsami a ciki, ba zai lalace ba." Haba Hajiya! Wa ya gaya miki? 'Yan ɗigon nan ba su isa su kashe ƙwayar cuta irin su salmonela ba. Ƙamshin lemon ma rufe miki hanci yake yi, ki shinshina ki ce lafiya lau. Abinci mai ƙwai da madara bai kamata ya wuce awa 2 a waje ba. Idan zafi ya haura digiri 32, kamar yadda muke gani a Fabrairu da Maris, awa 1 ne. Ki lissafa har da zaman da ya yi a kan cinyarki cikin motar haya ta danfo, a cunkoson Oshodi.

Na san za ki ce NEPA. Gaskiya ne. Firij a rufe yana riƙe sanyi kamar awa 4 bayan an ɗauke wuta, muddin yara ba su dinga buɗewa ba. Bayan haka ya zama kabad. Amma rashin wuta ba hujja ba ce ta barin kek ya kwana a kan tebur. Kada ya kwana, ina roƙonku!

A taƙaice:

- Ki wanke lemon kafin ki goge ɓawonsa.
- Ban da ɗanyen ƙwai a kirim, ki dafa haɗin a wuta har ya yi kauri.
- Yara su daina lasar kwanon kwaɓi.
- Ki gasa ana gobe taro idan kin so, amma kirim sai ranar taro.
- Babu wuta? Ki saka shi a cikin kula mai ƙanƙara, ko ki haƙura da kirim ɗin.

Idan gudawa ta kama yaro, a fara ba shi ruwan ORS (haɗin gishiri da sukari) nan take, a ci gaba da shayarwa. Idan idanunsa sun faɗa, ko fitsari ya ɗauke, ko an ga jini a bayan gida, a kawo shi asibiti a daren, kada a tsaya wajen mai kemis.