Wuri

Wuri ƙoƙon wata ƴar dabbar teku ce dangin dodon koɗi, masana halittu na kiranta Monetaria moneta, sunan da ya samo asali daga masanin halittu ɗan Suwidin Linnaeus a 1758. Wasu sun ɗauka dutse ne ko ƙashi, alhali nama ne ya taɓa zama a ciki. Masu nazarin irin waɗannan dabbobi masu taushin jiki sun sa ta cikin dangin Cypraeidae.

Rayuwarta

Tana zama a ruwa mara zurfi na tekun Indiya da Fasifik, wajen duwatsun murjani. Da rana ta laɓe ƙarƙashin dutse, da dare ta fito kiwon gansakuka. Tsawonta bai cika wuce santimita 3 ba. Santsi da ƙyallin nan kuwa, wata fatar jikinta ce ke fitowa ta gefe biyu ta lulluɓe ƙoƙon, tana ta shafa masa sabon rufi. Macen kan kwanta kan ƙwanta har a ƙyanƙyashe, ƴaƴan su bi ruwa kafin su sauka ƙasa.

Tarihi

Mafi yawan wurin da ya shigo Afirka ta Yamma daga tsibiran Maldib na tekun Indiya yake. Can sai a shimfiɗa ganyen kwakwa cikin ruwa, dabbobin su maƙale, a jawo a baza kan yashi rana ta kashe su naman ya ruɓe, a wanke. Matafiyin nan ɗan Maroko Ibn Battuta ya ga wannan ciniki a ƙarni na 14, ya kuma tarar ana kashe wuri a Mali da Gao. A Kano, matafiyi Bajamushe Heinrich Barth ya samu a 1851 ana canjin dalar azurfa ɗaya wuri 2,500, kuma keso (buhun tabarma) guda wuri 20,000 ne, kaya ne na gaske, sai da ɗan dako. Amma da ya iso Adamawa a shekarar, sawayen saƙi ya tarar ana ciniki da su, haka ma Bagirmi, a ƙasar Cadi ta yanzu, a 1852. Borno ma ba ta karɓi wuri ba sai wajen 1848, daga baya ya bi fatake ya yi kudu. Tun wajen 1845 ƴan kasuwar Jamus suka riƙa jibgo wani iri daga Zanzibar, Monetaria annulus mai zobe a baya, darajar wuri ta zube.

Ta wace hanya ya fara shiga ƙasar Hausa, Sahara ko bakin teku, masana tarihi sun saɓa.

Yau

Adon kitso, ɗamarar ƴan kokawa, da kayan masu duba.