M. Night Shyamalan

Manoj Nelliyattu Shyamalan, wanda duniya ta sani da M. Night Shyamalan, mai ba da umarni ne kuma marubucin finafinai ɗan ƙasar Amurka. An haife shi ranar 6 ga Agusta, 1970, a garin Mahé da ke Indiya, amma tun yana jariri iyayensa, waɗanda dukkansu likitoci ne, suka tafi da shi Amurka. Ya tashi a Penn Valley, wata unguwa a bayan garin Filadelfiya ta jihar Pennsylvania. Ya yi suna wajen shirya finafinan fargaba masu sa mai kallo zaman ɗar-ɗar, waɗanda labarinsu kan juye a ƙarshe ta inda ba a zata ba.

Tun yana yaro yake ɗaukar ƙananan finafinai da kyamarar Super 8. Mahaifinsa ya so ya gaje shi a likitanci, shi kuwa ya zaɓi karatun fim a Jami'ar New York, ya kammala a 1992. Finafinansa biyu na farko ba su yi kasuwa ba. The Sixth Sense na 1999 ne ya fito da shi: labarin wani yaro mai ganin matattu da likitan ƙwaƙwalwar da ke duba shi, wanda Bruce Willis ya fito a matsayinsa. Fim ɗin ya samo fiye da dala miliyan 670, aka kuma sa shi takarar lambar yabo ta Oscar a fanni shida.

Abin da ya bambanta shi da akasarin takwarorinsa shi ne ya ƙi komawa Hollywood da zama. Kamfaninsa, Blinding Edge Pictures, yana Pennsylvania, can kuma yake aiki. A titunan Filadelfiya da Cocin St. Augustine aka ɗauki The Sixth Sense. Jarumin Unbreakable na 2000 mai gadi ne a wani filin wasa da ke birnin. An shuka gonar masara a gundumar Bucks domin Signs na 2002, aka kuma gina ƙauye sukutum a Chadds Ford domin The Village na 2004. Tsofaffin gine-ginen jan bulo da gidaje masu jingine da juna na Filadelfiya sun dace da irin labaransa, inda abin tsoro ke shigowa cikin gidan mutum na yau da kullum ba tare da hayaniya ba. Shi ma yakan leƙo a ƙaramin matsayi a yawancin finafinansa.

Daga 2006 tauraruwarsa ta dusashe. Masu sharhi sun caccaki Lady in the Water da The Happening, sai The Last Airbender na 2010 da After Earth na 2013, waɗanda aka kashe wa maƙudan kuɗi, suka ƙara zubar masa da daraja. Nan ya canza dabara: ya ci bashi a kan gidansa, ya shirya The Visit na 2015 da kimanin dala miliyan 5, fim ɗin ya samo kusan miliyan 100. Split, wanda aka ɗauki wani ɓangarensa a gidan namun daji na Filadelfiya, ya ci dala miliyan 9, ya dawo da fiye da miliyan 270. An ɗauki Glass na 2019 a wani tsohon asibitin masu taɓin hankali a garin Allentown na jihar Pennsylvania.

A baya-bayan nan ya ɗan fita waje. An ɗauki Old na 2021 a Jamhuriyar Dominika, Trap na 2024 kuwa a Kanada, ko da yake a Filadelfiya labarin yake faruwa. Gwamnatin Indiya ta ba shi lambar girmamawa ta Padma Shri a 2008.