Horar da Ɗaliban Aikin Jinya kan Agajin Bala'i

Horar da ɗaliban aikin jinya kan agajin bala'i fanni ne na karatun jinya da ke shirya ɗalibi don ranar da masu rauni za su fi ƙarfin ma'aikata da kayan aiki, kamar lokacin girgizar ƙasa, ambaliya ko ɓarkewar annoba. Fannin ya samu gindin zama a Japan bayan girgizar ƙasar Kobe ta 17 ga Janairun 1995, wadda ta hallaka mutum fiye da 6,000, har aka kafa ƙungiyar masana jinyar bala'i ta ƙasar a 1998. A 2009 Majalisar Ma'aikatan Jinya ta Duniya da Hukumar Lafiya ta Duniya suka fitar da jadawalin ƙwarewar da ake nema, majalisar kuma ta sabunta shi a 2019.

Darasin da ya fi yi wa ɗalibi nauyi shi ne tantance wanda za a fara dubawa, domin an tarbiyyantar da shi a kan tsayawa wa majinyaci guda har ya samu sauƙi, a nan kuwa dole ya wuce wani don ya ceci wasu. A tsarin START, wanda aka ƙirƙiro a Kalifoniya a 1983, kowane mai rauni bai wuce minti ɗaya a hannun mai tantancewa. Wanda ya iya tashi ya taka ana liƙa masa alama mai launin kore, wanda zai iya jira rawaya. Ja, alamar wanda za a fara dubawa, na wanda numfashinsa ya haura sau 30 a minti ne, ko ya kasa bin umarni mai sauƙi kamar "matse hannuna". Baƙi kuwa na wanda bai numfasa ba ko bayan an buɗe masa hanyar iska.

Allo kaɗai ba ya koyar da wannan, sai atisaye. Ana shafa wa wasu ɗalibai jan fenti su kwanta a fili, kuma sabon hannu yakan ruga wurin mai ihu ya bar wanda ya yi shiru, alhali mai ihun yana da numfashi.

Asibitin ma kansa bala'i na iya cin sa. Da madatsar ruwan Alau ta ɓalle a Satumban 2024, ruwa ya shiga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri. Irin wannan ne ya sa horon ya haɗa da kwashe majinyata daga ɗakunan kwanciya, da aiki ba wutar lantarki, da hana yaɗuwar kwalara a sansanonin waɗanda ruwa ya raba da gidajensu.