Waiwaye: Daga Asibitin Zana zuwa saƙon murya na WhatsApp

Yanzu da zarar an ji wani ƙauye a ƙasar Kano ko Jigawa ya ƙi fito da yara a yi musu rigakafi, sai jami'an lafiya su ɗora wa WhatsApp laifi. Suna da gaskiya, amma ba duka ba. Rashin yardar nan ya girmi waya nesa ba kusa ba, kuma yana da tarihin da dattawan karkara ba su manta ba.

A 1996 aka yi annobar sanƙarau da ta kashe fiye da mutum 11,000 a Nijeriya, mafi yawansu a Arewa. Ana tsakiyar wannan tashin hankali ne kamfanin Pfizer na Amurka ya zo Asibitin Zana, asibitin cututtuka masu yaɗuwa a Kano, ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan. Yara kusan 200 aka saka a gwajin. Guda 11 suka rasu, wasu suka kurumce, wasu suka nakasa. Kamfanin ya dage cewa sanƙarau ne ya yi ɓarnar ba maganinsa ba, iyaye kuwa suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi da 'ya'yansu. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Shekara 13 ke nan labarin yana yawo a bakin mutane, ana ƙara masa gishiri, ba wata hukuma da ta zauna ta yi wa talaka bayani da harshensa. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

Shi ya sa da aka wayi gari a 2003 ana cewa maganin shan-inna yana ɗauke da sinadarin hana haihuwa, maganar ta shiga kunne nan da nan. Ba 'yan tasha ne suka faɗa ba. Likita ne, Dakta Datti Ahmed, shugaban Majalisar Ƙoli ta Shari'ar Musulunci, yake kan gaba, a shekarar da Amurka ta afka wa Iraƙi. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da rigakafin, ba a dawo da shi ba sai a Yulin 2004, bayan an samo maganin daga Indunusiya. Kafin a farga, ƙwayar cutar da ta tashi daga Arewa ta shiga ƙasashe kusan 20, har Yaman da ita kanta Indunusiyar. A lokacin ba Facebook, wayar salula ma shekararta biyu da zuwa, a hannun 'yan birni. Kaset ɗin wa'azi, huɗubar Juma'a, rediyo da hirar majalisa su suka kai zancen har rugage.

Akwai kuma wata tambaya da magidanta suka riƙa yi wa masu rigakafi a ƙofar gida, wadda a ganina ta fi zancen hana haihuwa nauyi: zazzaɓin cizon sauro da ƙyanda suna kashe mana yara, mu je asibiti a rubuta mana magani mu saya, me ya sa wannan kaɗai ake biyo mu da shi har gida kyauta? Tambaya ce ta mai hankali, kuma an daɗe ana amsa ta da faɗa. Sai daga 2006 aka fara haɗa ɗigon shan-inna da allurar ƙyanda da sinadarin bitamin A, wani wurin har da sabulu da gidan sauro. A 2009 sarakunan Arewa ƙarƙashin Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar suka kafa kwamiti, aikin ya gangaro ta hannun hakimi, dagaci, har mai unguwa. Daga baya aka ɗauki mata 'yan sa-kai, kowacce a unguwarsu, tana shiga gidajen da namiji ba ya shiga, tana zuwa suna da biki. Ba a sha da daɗi ba: a Fabrairun 2013 'yan bindiga suka harbe masu aikin rigakafi 9 a Kano, mata. Amma ranar 25 ga Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan-inna, kuma waɗannan fuskokin da aka sani a gari su suka yi aikin.

Ranar da waya ta fara nuna ƙarfinta ita ce Juma'a 8 ga Agusta 2014. Tun cikin dare saƙo ya bazu cewa a yi wanka da ruwan zafi da gishiri, a kuma sha, wai maganin Ebola ne. Ba baƙo ne ke bugo waya ba. Ɗanka ne da ke ci-rani a Legas, ko ƙanwarka da ke aure a Kaduna, kowa yana ƙoƙarin ceton nasa kafin asuba. Cutar ba ta ko leƙo Kano ba, a Legas da Fatakwal ta tsaya, mutum 20 ta kama, 8 suka rasu. Gishirin kuwa ya kwantar da mutane a asibiti, musamman masu hawan jini, aka kuma ba da rahoton mutuwar aƙalla biyu. Hukuma ta ƙaryata, amma sai da rana ta fito, an riga an yi wanka.

Korona ita ta fi tona asirin yadda muke isar da bayani. An tabbatar da mutum na farko a Kano ranar 11 ga Afrilu 2020. Cikin mako biyu masu haƙa kabari suka fara cewa gawarwakin da suke binnewa sun wuce yadda suka saba, galibi dattawa. Hotunan maƙabartu suka cika Facebook, kullum sai an wayi gari da ta'aziyyar wani farfesa ko wani basarake. Asibitoci da dama sun rufe ƙofa don tsoro, ɗakin gwajin da ake da shi ya tsaya na wasu kwanaki. Gwamnatin jiha ta ce hawan jini ne da ciwon suga da zazzaɓi da sanƙarau. A watan Mayu aka ji irin wannan mace-mace a Haɗeja. Sai a watan Yuni ministan lafiya Osagie Ehanire ya fito ya ce an ƙirga mamata 979 a ƙananan hukumomi 8 na cikin birnin Kano, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na iya kasancewa da alaƙa da korona.

A tsakanin Afrilu da Yunin nan, mutumin ƙauye ya riga ya yanke hukuncinsa. Ya ji gwamnati ta ce ba korona ce ke kisa ba, ga shi ta rufe masa kasuwa da masallaci a cikin azumi saboda korona. Wanne zai kama? Wasu suka ce cutar masu hawa jirgi ce, wasu suka ce gwamnoni ne ke ƙara alƙaluma don a ba su kuɗi, samari suna waƙar babu korona a filin ƙwallo. A lokacin hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, tana fitar da alƙaluma kowane dare, kuma ta yi ƙoƙari. Sai dai da Turanci ne, a Twitter, wurin da manomin Ringim ko Sumaila ba ya zuwa.

Shi saƙon murya ne ke isa gare shi, domin ba ya bukatar iya karatu. Ana sauke shi a shagon mai cajin waya, a tura wa wanda ba shi da data ta Xender, a kunna a teburin mai shayi. Ranar Alhamis ya shiga kasuwar Maigatari, Juma'a yana Wudil, Lahadi yana Dambatta. Da daddare maigida ya kunna wa iyali. Mai maganar ba ya faɗin sunansa, ba rana, ba gari. Da sallama yake farawa, ya ce wani ɗan'uwansa likita ne ya gaya masa, ya ƙare da roƙon don Allah a tura wa 'yan'uwa Musulmi. Tunda ba kwanan wata, saƙon bara yana iya dawowa bana a ɗauka sabo ne. Wanda ya tura kuwa lada yake nema, shi ya sa zaginsa da jahilci ba ya hana shi sake turawa.

Da mashaƙo ya ɓarke a ƙarshen 2022, Kano ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu, kuma galibinsu yaran da ba su samu allurar jarirai ta mako 6 da 10 da 14 ba. A nan an ɗan ga canji. Likitoci 'yan gida sun riƙa fitowa a rediyo da Facebook da TikTok suna bayani da Hausa, suna nuna alamomin cutar, suna cewa kada a tsaya wurin wanzami in yaro ya kasa haɗiya. Wayar da ta kai gishiri ita ta kai wannan ma.

Amma a Oktoban 2023, da aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar kariya daga sankarar bakin mahaifa, Kano da Jigawa suna cikin rukunin farko, sai ga zancen 2003 ya dawo ba a canza masa ko kalma ba: za a hana su haihuwa. Waɗanda suka sake shiga gida-gida suna lallashin iyaye su ne matan nan 'yan sa-kai da ungozomomi da masu unguwanni. Mafi yawan kuɗin da ke riƙe da irin wannan aiki daga ƙungiyoyin waje yake zuwa, ga shi a 2025 Amurka ta rushe hukumarta ta ba da tallafi ga ƙasashen waje, USAID, ta kuma sanar da ficewa daga Hukumar Lafiya ta Duniya. Idan gwamnatocin Kano da Jigawa ba su ɗauki alawus ɗin matan nan a kasafinsu ba, annoba ta gaba za ta tarar da saƙon murya a kowane gida, ba mai shiga ta ba shi amsa.