Waiwaye: Hanyar Oregon da sawun amalanke da ya rage a kan dutse

A kusa da garin Guernsey da ke jihar Wyoming ta Amurka akwai wani tudu na dutse mai laushi wanda ƙafafun amalanke suka ci har suka yi masa rami mai zurfin kusan mita ɗaya da rabi, ta yadda mutum zai shiga ciki dutsen ya kai masa kafaɗa. Ramin nan sawu ne na ayarin da suka bi Hanyar Oregon daga wajen 1840 zuwa ƙarshen shekarun 1860, hanyar da ta tashi daga Independence a jihar Missouri ta ƙare a kwarin Willamette da ke Oregon, can yammacin ƙasar, tafiyar kilomita kusan 3,500.

Asalin maganar ya faro ne a 1803, lokacin da Amurka ta sayi yankin Louisiana daga hannun Faransa a kan dala miliyan 15, ko da yake ƙasar da aka yi cinikinta tana da masu ita tun kaka da kakanni, kuma ba wanda ya nemi jin ta bakinsu. Abin da ya buɗe wa amalanke ƙofa shi ne South Pass, wata faffaɗar mashiga a tsaunukan Rocky wadda hawanta ba shi da wuya. Robert Stuart ya bi ta a 1812, sannan a 1824 'yan ƙabilar Crow suka kwatanta wa Jedediah Smith da abokan farautarsa inda take. A 1836 'yan mishan Marcus da Narcissa Whitman suka ƙetare, kuma ganin mace ta iya tafiyar ya ƙarfafa gwiwar magidanta. Da karayar tattalin arziki ta 1837 ta jefa manoma cikin bashi, sai hankali ya koma yamma, har a 1843 ayari na mutum kusan 1,000 ya kama hanya. Bayansu mabiya ɗariƙar Mormon suka nufi Salt Lake a 1847, masu neman zinariya kuma suka kwarara Kalifoniya a 1849, duk ta gefen kogin Platte. Dokar rabon filayen Oregon ta 1850 ta ba Bature mai aure eka 640 shi da matarsa, amma ta hana baƙar fata.

Wanda ya san labarin fatake ba zai ga baƙon abu a tsarin tafiyar ba, domin akwai madugu, akwai zango, akwai kuma lissafin ruwa da ciyawa. Ana tashi ne a watan Afrilu ko Mayu, idan ciyawa ta tsiro yadda shanu za su samu kiwo, kuma dole a ƙetare tsaunukan ƙarshe kafin ƙanƙara ta rufe su. Tafiyar takan ci wata huɗu zuwa shida, kimanin kilomita 24 a yini, kuma galibin mutane a ƙasa suka taka ta, saboda amalanken cike yake da gari da wake da kayan aiki. Shi ya sa duwatsun hanya suka zama kamar kalanda. Ganin Chimney Rock a Nebraska, dutsen da ya miƙe sama kamar hasumiya, yana nufin an kusa fita daga shimfiɗaɗɗen fili. Independence Rock kuwa ana fatan isa gare shi a kusa da 4 ga Yuli, ranar 'yancin Amurka, kuma duk wanda ya makara ya san yana cikin hatsari. Dubban matafiya sun sassaƙa sunayensu a jikinsa, wasu kuma sun rubuta da man da ake shafa wa ƙafafun amalanke, kuma har yau ana karanta da yawa daga cikin waɗanda aka sassaƙa.

Babban makashin hanyar shi ne kwalara, musamman tsakanin 1849 da 1852, lokacin da ayari bayan ayari suke sauka a zango ɗaya suna shan gurɓataccen ruwa, mutum ya tashi lafiya da safe, kafin dare an binne shi. Yawancin kaburburan sun ɓace, domin wasu ma da gangan aka bi ta kansu da amalanke don kada namun daji su tone. Ɗaya daga cikin 'yan kaɗan da suka tsira shi ne na Rebecca Winters, wadda ta rasu a 1852 kusa da Scottsbluff. Wani abokin tafiyarsu ya ɗauki ƙarfen da ke zagaye ƙafar amalanke, ya zana sunanta da shekarunta 50 a kai, ya kafa shi a kan kabarin. Ƙarfen nan ne masu awon layin dogo suka tarar bayan shekaru da dama.

Abin da ya fi damuna a tarihin nan shi ne yadda aka daɗe ana nuna 'yan asalin ƙasar a matsayin maharan da suka addabi matafiya. Masanin tarihi John Unruh ya bi bayanan 1840 zuwa 1860, ya ƙirga matafiya 362 da 'yan ƙasar suka kashe, alhali matafiyan sun kashe musu mutum 426. A mafi yawan lokuta ciniki ne ya haɗa su, ana sayen kifi da dawaki, ana ɗaukar 'yan ƙasar su yi jagora a mashigun koguna. Sai dai garkunan baƙi sun cinye makiyaya, sun kori ɓauna, kuma cututtuka sun biyo ayarin. A 1847 ƙyanda ta yi wa ƙabilar Cayuse mummunar ɓarna, yaransu suna mutuwa a hannun Marcus Whitman, ɗan mishan ɗin nan wanda kuma likita ne, yayin da 'ya'yan Turawa suke warkewa, zargi ya shiga, aka kashe shi da matarsa da wasu mutum 11, daga baya aka rataye Cayuse biyar a Oregon City a 1850. A sansanin soja na Fort Laramie an ƙulla yarjejeniya tsakanin gwamnatin Amurka da ƙabilun yankin a 1851, amma shekara uku bayan haka rigima a kan saniya guda ta wani matafiyi ta jawo mutuwar Laftanar Grattan na rundunar Amurka da sojojinsa da kuma wani sarkin ƙabilar Lakota mai suna Conquering Bear.

Da aka haɗe layin dogo daga gabas zuwa yamma a ranar 10 ga Mayu 1869, hanyar ta fara mutuwa, garma ta bi ta kan sawunta. Ezra Meeker, wanda ya bi ta yana saurayi a 1852, shi ne ya ƙi yarda a manta. A 1906, yana da shekara 75, ya ɗaure shanu ya sake bin ta daga yamma zuwa gabas, yana roƙon garuruwa su kafa duwatsun tunawa, har ya kai kukansa gaban Shugaba Theodore Roosevelt a 1907. Sai a 1978 majalisar dokokin Amurka ta sanya hanyar cikin hanyoyin tarihi na ƙasa.

Duwatsun da Meeker ya sa aka kafa labarin masu shigowa kaɗai suke bayarwa. Waɗanda aka shigo musu sun jira har 1998, lokacin da ƙabilun Cayuse da Umatilla da Walla Walla suka buɗe cibiyar Tamástslikt a ƙasarsu kusa da Pendleton, inda mai ziyara yake fara ganin yadda rayuwarsu take kafin amalanke na farko ya gangaro daga tsaunukan Blue Mountains.