Mai tsara wasa ba lallai sai mai lamba 10 ba

A gidan kallo, da zarar an ce "mai tsara wasa", hankalin mutane kan tafi wajen irin su Okocha: yana bayan mai cin ƙwallo, yana yanka, ba ruwansa da komawa baya. Shi ya sa har gobe ake cewa koci Mourinho ya kashe Mikel Obi da ya mayar da shi gaban 'yan baya a Chelsea. Wannan tunanin ya tsufa.

Dubi Pirlo, ɗan wasan Italiya. Da lamba 10 ya taso, amma a ƙungiyar Brescia a 2001 kocinsa Carlo Mazzone ya janyo shi baya, Ancelotti kuma ya ɗora a kai a Milan. Dalili? Kusa da ragar abokan hamayya wuri ya matse, kafin ka juya mutum biyu sun hau ka. Daga baya kuwa filin duka yana gabanka: ya karɓa, ya ɗaga kai, ya jefa doguwa ta sauka a ƙafar mutum. Da haka Italiya ta ɗauki kofin duniya a 2006.

Yau ma babu kocin da zai bar mutum ɗaya yana yawo ana ƙwato masa ƙwallo. De Bruyne, da ya taimaka aka ci ƙwallo 20 a Firimiya a kakar 2019/20, gudu yake kamar kowa. Rodri kuwa, da wasu ke kira mai tare gida kawai, ranar da ya ji rauni a gwiwa a Satumbar 2024 aka ga wanda ke riƙe da Manchester City.