SWAC: Tambayoyi da Amsoshi Kan Gamayyar Wasannin Jami'o'in Baƙaƙen Fata a Amurka

Mai bibiyar ƙwallon Amurka, wato ƙwallon nan mai siffar ƙwai da ake runguma a gudu da ita, da wuya a ce bai ji sunan Jerry Rice ko Walter Payton ba. Waɗanda suka san makarantun da suka raini waɗannan gwanaye su ne ba su da yawa. Dukansu biyu sun fito ne daga gamayya guda, wadda ake kira Southwestern Athletic Conference, ko SWAC a taƙaice, kuma tarihinta ya cancanci a zauna a saurare shi.

Me ake nufi da gamayyar wasanni a jami'o'in Amurka?

Hukumar NCAA ce uwa ga yawancin wasannin jami'o'i a ƙasar. Amma ƙasar tana da faɗi, makarantun kuma sun haura dubu, don haka ba yadda za a yi kowa ya kara da kowa. Sai makarantun da ke yanki ɗaya, masu kusan ƙarfi ɗaya, su haɗa kai su kafa gamayya. Su tsara jadawali, su riƙa karawa da juna kowace shekara, su raba kuɗin da gidajen talabijin suka biya, a ƙarshen kaka a fitar da zakara. Wannan ya bambanta da gasar NUGA ta jami'o'in Najeriya, inda ake haɗuwa wuri guda na 'yan kwanaki a watse. A can, duk Asabar ɗin kaka akwai wasa, yau a gidanku, mako mai zuwa a gidan abokan hamayya.

Yaushe aka kafa SWAC, kuma su wa suka kafa ta?

A 1920 ne, a birnin Houston na jihar Texas. Jami'an wasanni na wasu kwalejojin baƙaƙen fata na jihar suka zauna, daga cikinsu akwai Bishop da Paul Quinn da Wiley da Prairie View. Zamanin dokokin wariyar launin fata ne a jihohin kudu. Baƙar fata ba ya shiga jami'ar farare, ba kuma ya taka filinsu. Wanda aka hana shi shiga zaure, dole ya kafa tasa rumfar.

Daga cikin waɗanda suka aza harsashin, Prairie View kaɗai ta rage a gamayyar. Sauran ƙananan makarantu ne masu zaman kansu, akasari na majami'u, kuma ba su iya jure gasa da jami'o'in gwamnatin jiha da suka shigo daga baya ba. Ɗaya bayan ɗaya suka janye. Kwalejin Bishop ma rufe ta aka yi gaba ɗaya a 1988 saboda bashi.

Su wane ne mambobinta a yau?

Jami'o'i 12 ne a jihohi 6, an raba su shiyya biyu. A shiyyar gabas akwai Alabama A&M da Alabama State, da Jackson State da Mississippi Valley State, sai Florida A&M da Bethune-Cookman, waɗanda su ne 'yan autan gida domin a 2021 suka shigo daga wata gamayyar mai suna MEAC. A yamma akwai Prairie View A&M da Texas Southern, da Southern da Grambling State na jihar Louisiana, da Arkansas-Pine Bluff, da Alcorn State. Bethune-Cookman ce kaɗai ba ta gwamnati ba. Hedikwatar tana Birmingham a Alabama, kuma Charles McClelland ke shugabantarta tun 2018.

Wasu na cikin manyan birane, kamar Texas Southern a Houston. Wasu kuwa a ƙauye suke sosai. Mississippi Valley State tana Itta Bena, wani ɗan ƙaramin gari a tsakiyar gonakin auduga.

To yaya aka yi irin waɗannan makarantu suka fitar da manyan gwanaye haka?

Amsar ba ta da daɗin ji. Wariya ce ta tara su wuri guda. Yaron da ya fi kowa gudu a Mississippi ko Louisiana a shekarun 1950, in dai baƙar fata ne, babbar jami'ar jiharsa ba za ta ko dube shi ba. Sai da aka kai 1967 kafin baƙar fata ya fara buga ƙwallon Amurka a SEC, babbar gamayyar fararen kudu, jami'ar Alabama kuwa sai 1971. Kafin nan, in yaro bai yi ƙaura zuwa arewa ko yammacin ƙasar ba, Grambling ko Southern ko Jackson State zai nufa.

Abin da ya biyo baya sai mamaki. Buck Buchanan na Grambling shi aka fara zaɓa a jerin sababbin 'yan wasa na gasar ƙwararru ta AFL a 1963. Willie Brown da Charlie Joiner daga can suka fito. Mel Blount ɗan Southern ne. Walter Payton ya bar Jackson State ya tafi Chicago Bears, ya yi ritaya yana riƙe da tarihin nisan gudu da ƙwallo. Ko bayan an buɗe ƙofofin jami'o'in farare, rijiyar ba ta ƙafe nan take ba: Jerry Rice, ɗan magini, ya yi wasa a Itta Bena a farkon shekarun 1980, har gobe kuma ba wanda ya kamo shi a NFL, babbar gasar ƙwararru ta ƙasar, wajen cafke ƙwallo. Michael Strahan ya biyo ta Texas Southern. Steve McNair na Alcorn ya zo na uku a zaɓen Heisman na 1994, kyautar gwarzon ɗan wasan jami'o'i ta ƙasa baki ɗaya.

Wanda ya fi taɓa zuciyata shi ne Doug Williams. A wannan wasa akwai mutum ɗaya da ke karɓar ƙwallo, ya karanta filin, ya yanke shawara, ya jefa. Shekara da shekaru masu horarwa farare suna cewa baƙar fata ba shi da kan da zai riƙe wannan gurbi. A Janairun 1988 Williams, ɗan Grambling, ya jagoranci ƙungiyar Washington a Super Bowl, wasan ƙarshe na gasar NFL. Ana gobe wasa ya kwashe sa'o'i a kujerar likitan haƙori. Da aka fara, ya zame ya ji rauni a gwiwa, Denver kuma tana gaba da maki 10 da nema. Ya dawo fili, a zango na biyu cikin huɗu kaɗai ƙungiyarsa ta ci maki 35, sau huɗu jifarsa na kai mutum ga ci. Aka tashi 42 da 10, aka ba shi gwarzon wasa. Shi ne baƙar fata na farko da ya ci Super Bowl a wannan gurbi.

Ana yawan ambaton Eddie Robinson. Wane ne shi?

Malamin Doug Williams ke nan. Ya karɓi horar da Grambling a 1941 yana ɗan shekara 22, bai ajiye ba sai 1997. Ya ci wasa 408. A 1985 ya zarce Bear Bryant na Alabama, wanda a lokacin ya fi kowa yawan nasara. 'Yan wasansa fiye da 200 sun shiga gasar ƙwararru.

Amma alƙaluma ba su nuna mutumin. A farkon aikinsa ba shi da mataimaki. Shi ke shata layukan fili, shi ke ɗaure wa yara idon sawu da bandeji, in an tashi wasa kuma ya zauna ya rubuta labarin ya aika wa jaridu. Da asuba yakan bi ɗakunan kwanan 'yan wasa yana kaɗa ƙararrawa, kowa ya tashi ya karya ya tafi aji. Ya san mafi yawansu ba za su ci abinci da ƙwallo ba, takardar digiri ce za ta riƙe su. Grambling ta shiga SWAC a 1958, kuma ya ɗauki kambun gamayyar sau 17, wasu shi kaɗai, wasu tare da wata makarantar. Ya rasu a 2007.

Ƙwallon Amurka kaɗai suka iya?

A'a. A gasar Olamfik ta 1968 a birnin Meziko, Jim Hines na Texas Southern ya gudu mita 100 cikin daƙiƙa 9.95, mutum na farko da agogon lantarki ya tabbatar ya sauka ƙasa da 10, kuma tarihin ya kusan shekara 15 ba a karya ba. A gasar dai, Willie Davenport na Southern ya ci zinare a tseren tsallake shinge na mita 110. Bayan shekara huɗu a Munich, wani ɗan Southern ɗin, Rod Milburn, ya sake ɗauke wannan zinaren.

A ƙwallon kwando, Willis Reed ya kai Grambling ga kambun ƙasa na ƙananan kwalejoji a 1961 kafin ya zama jigon New York Knicks. Alcorn State ta doke South Alabama a 1980, ta zama jami'ar baƙaƙen fata ta farko da ta ci wasa a babbar gasar NCAA. Southern ta fitar da Georgia Tech a zagayen farko a 1993, abin da ba wanda ya zata.

Yaya ake fitar da zakara, kuma me ya sa ba ya shiga gasar neman kofin ƙasa?

SWAC tana mataki na biyu na rukunin farko a NCAA, wanda ake kira FCS. Tun 1999 zakaran gabas da na yamma ke karawa a farkon Disamba. Tun 2015 kuma wanda ya yi nasara yakan tafi Atlanta ya haɗu da zakaran MEAC a wasan Celebration Bowl. MEAC ta fi yawan rinjaye a nan, amma Grambling ta ci a 2016, Florida A&M a 2023, Jackson State a 2024.

Gasar kofin ƙasa ta FCS tana farawa ne a ƙarshen Nuwamba, daidai ranar da Grambling da Southern ke wasan Bayou Classic a New Orleans, wasan da ake yi can tun 1974. Gamayyar ta zaɓi nata. Wasu na ganin gudun gwaji ne. Ni ina ganin lissafi ne mai kyau. Wasan kofin ƙasa a ƙaramin fili mai sanyi ba ya kawo kuɗi, Bayou Classic kuwa yana tara dubun-dubatar mutane, ana nuna shi a talabijin, tsofaffin ɗalibai suna zuwa da 'ya'ya da jikoki. Haka Magic City Classic a Birmingham tsakanin jami'o'in Alabama biyu, da Florida Classic a Orlando. Shi ya sa kusan kowace shekara SWAC ke kan gaba a yawan 'yan kallo a matakinta.

Da gaske ne wasu don makaɗa suke zuwa?

Da gaske ne. A wasu wurare hutun rabin lokaci shi ne lokacin sayen abinci. A SWAC ba mai tashi daga kujera. Ɗaruruwan ɗalibai ne ke shigowa fili da kakaki da ganguna, suna ɗaga gwiwa har ƙugu, suna busa suna rawa suna zana haruffa da jikinsu. Kowace makaranta da sunan ayarinta: Human Jukebox na Southern, Sonic Boom of the South na Jackson State, Marching 100 na Florida A&M, Ocean of Soul na Texas Southern. Bayan an tashi wasa ma ayarin biyu kan zauna suna fuskantar juna, wannan ya busa wancan ya mayar, jama'a na tsaye. Makaɗan Grambling sun yi wasa a Super Bowl na farko a 1967.

Idan haka ne, me ya sa yanzu ba sa iya ja da manyan jami'o'i?

Ƙofar da aka buɗe ita ta kwashe musu yara. Ba wanda zai so a koma zamanin wariya, amma gaskiya ita ce jami'o'in da suka ƙi baƙar fata jiya, yau su ne ke zuwa da manyan filaye da kuɗin talabijin suna ɗibar mafi gwanintar. Makarantun SWAC kuwa tun asali a takure aka bar su. A 2023 gwamnatin tarayyar Amurka ta rubuta wa gwamnonin jihohi 16 cewa cikin kusan shekara 30 an tauye wa jami'o'in baƙaƙen fata na noma da fasaha fiye da dala biliyan 12, idan aka kwatanta da takwarorinsu na farare.

Ana ganin wannan a fili. A farkon kaka ƙungiyoyin SWAC kan je gidan manyan jami'o'i su sha kashi don a biya su kuɗin da zai riƙe sashen wasanni. A 2013 'yan wasan Grambling sun ƙi zuwa wasa da Jackson State saboda lalacewar kayan aiki da doguwar tafiya a bas. Prairie View, wadda ta yi zarra a shekarun 1950 da 1960 ƙarƙashin Billy Nicks, ta sha kaye sau 80 a jere daga 1989 zuwa 1998, a wani lokacin ba ta da ko tallafin karatu ga 'yan wasa. Abin da nake so a tuna game da ita shi ne akwai yaran da suka ci gaba da sa riga suna fita duk Asabar, kuma a 2009 makarantar ta ɗauki kambun gamayyar.

Zuwan Deion Sanders ya canza wani abu?

Ya jawo idon duniya. Tsohon tauraron NFL ɗin ya karɓi Jackson State a 2020, ya ci kambun SWAC a 2021 da 2022. A Disamban 2021 ya shawo kan Travis Hunter, wanda da yawa ke ɗauka a matsayin ɗan sakandare mafi gwaninta a ƙasar, ya fasa zuwa Florida State ya zo Jackson. Filin ya cika, kyamarori suka zo. Sai dai sau biyu ya je Atlanta, sau biyu ya dawo hannu rabbana. A Disamban 2022 ya koma jami'ar Colorado, Hunter ya bi shi, kuma a can Hunter ya ci kyautar Heisman a 2024.

Mutane da yawa a Jackson sun ji zafin tafiyar. Wanda ya gaje shi, T.C. Taylor, tsohon ɗan wasan makarantar ne kuma ɗan jihar Mississippi. A Disamban 2024, watan da Hunter ya karɓi kyautarsa, Taylor ya kai Jackson State Atlanta, suka doke South Carolina State da maki 28 da 7, suka koma gida da kofin.